Alayyahun Bayan Gareji

Ranar Lahadi

Zuwa ga Baban yara,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina fata wannan takarda za ta same ka cikin ƙoshin lafiya kamar yadda ta bar mu. Yaya aiki, yaya gajiya, yaya kuma ƙafar nan taka da ke kumbura in ka daɗe a tsaye? Mu nan duk lafiya lau. Auta tana zuwa makaranta. 'Yar Baba ta shiga wata na huɗu, laulayin ya sake ta, har ta fara cin abinci kamar mai ramuwa. Mijinta yana gaishe ka.

Tun da ka ce a wurin aikin dam ɗinku waya ba ta kamawa sai an hau tudu, na daina ɓata katina. Na sayi littafin rubutu, zan riƙa yago takarda ina ba mai kai muku kayan abinci duk lokacin da zai tafi. In rubutun ya karkace ka yi haƙuri, a kan keken ɗinki nake yi.

Keken ma aikin da ya rage masa ke nan. Sati guda cur ba wanda ya kawo ko gyaran zip. Ka san ni da zama wuri ɗaya: in zauna, in tashi, in share ɗakin da na riga na share, in leƙa titi, in dawo. Kasuwa kuma ta zama wurin ɓacin rai. Kayan miyan da ke cika mini kwando bara, bana a tafin hannu nake dawowa da su.

To, ga labari. Wata ƙungiya ta zo da shirin noman lambu a cikin gari, hukuma kuma ta ba da aron filin nan na bayan tsohon garejin motocin haya, inda ake zubar da shara. Mu talatin da biyu muka ba da suna, duk mata. A taron farko aka ce a zaɓi shugaba. Ban nema ba, wallahi. Tambayoyi kawai na yi: ina ruwa zai fito, wa zai hana awaki, in an noma wa ke da shi. Kafin in zauna sai na ji an ce ai ga shugaba nan. Kada ka yi dariya, ina jin ka daga nan.

Kwana tara muka yi muna kwashe shara. Ba abin da ba mu tono ba: kwalabe, tayoyi, takalmi ƙafa ɗaya, da wasu baƙaƙen akwatunan roba masu nauyi da suka farfashe. Hannuna ya yi kanta. In ka dawo ba za ka gane shi ba.

Wadda ke koya mana wata yarinya ce, Malamar Gona muke ce mata. Ba ta kai 'Yar Baba shekaru ba, amma ta san aikinta, kuma tana sauraro. Da farko sun zo da irin salak da wani ganye mai ɗaci da suka ce otal-otal na saye. Goggo, tsohuwar nan mai sayar da itace a bakin layinmu, ta ce ita ba ta taɓa ganin jikokinta sun ƙoshi da abincin otal ba. Malama ta koma ofis ta dawo da irin alayyahu, kuɓewa, tumatir da albasa. Daga ranar mata suka yarda da ita.

Kowace mace ta samu kunya biyu. Tawa tana kusa da ta Maman 'Yan Biyu, matar mai tifan nan da ke bayan masallaci. Mace ce mai ƙarfin hannu da ƙarancin magana. Tana zuwa da tagwayenta, 'yan mata ne masu shekara huɗu, su wuni suna wasa a gefe.

Mun shuka ranar Alhamis. Tun daga lokacin sau uku nake zuwa a rana in duba ko ya tsiro. Goggo ta ce in na ci gaba da leƙa shi haka kunya za ta hana shi fitowa.

Ka riƙa ɗaga ƙafar nan in ka tashi aiki. Ka gaishe da abokan zamanka.

Matarka,
wadda kake kira Uwar Gaggawa


Ranar Talata

Baban yara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka gaisuwar kewa, da fatan kana lafiya. Takardarka ta iso, layi bakwai. Na ƙirga. Ni na cika maka shafi biyu, kai ka ce "Allah ya ba da sa'a, a gaishe da yara." Ba komai, na karanta ta har sau biyar.

Sati bakwai ke nan da shuka, kuma da ka ga bayan garejin nan da ba ka yarda ba. Kore shar. Masu wucewa a babur suna rage gudu su kalla. Ranar da muka yi yankan farko na ɗauko dami biyu na alayyahu a ka, na bi ta doguwar hanya don kowa ya gani. Na kai wa 'Yar Baba ɗaya. A asibiti an ce jininta ya yi ƙasa, ta riƙa cin ganye, don haka kullum da safe sai na tsinka mata sabo na kai mata kafin mijinta ya fita. Ta murmure, fuskarta ta cika.

Amma kada ka ɗauka hutawa nake. Ruwa ne bala'inmu. Famfo ɗaya ne a bakin gareji, yana zuwa yadda ya ga dama. Ƙungiya ta kafa mana tanki, sai faɗa ya koma gindin tankin. Mace biyu sun kusa yage wa juna mayafi a kan bokiti. Na zauna na raba mu gida huɗu, kowane gida da lokacinsa, na rubuta a jikin tankin da fenti. Yanzu ni ake zagi maimakon juna, kuma na fi son haka. Awaki kuwa, mun kewaye filin da tsofaffin tayoyi da waya. Akwai wata jar akuya da na tabbata ta yi karatu, don ta san lokacin da mai gadi ke tafiya salla.

Ragowar da muke samu muna kasawa a ƙofar gareji da yamma. Ba wani abin kirki ba ne, amma akwai matan da suka daina tsallake abincin rana.

Babban labari shi ne baƙi za su zo ƙarshen wata, mutanen da ke ba ƙungiyar kuɗin aiki. Manajan shirin ya zo da kansa ya faɗa mana. Ya ce lambuna shida suke da su a garin nan, namu ne ya fi kyau, nan za a fara kawo su. In sun gamsu za a haƙa mana rijiyar burtsatse, hukuma kuma za ta sa hannu a takardar da za ta bar mana filin shekara biyar. Yanzu aro ne na baki kawai, gobe wani mai kuɗi na iya zuwa da bulo. Tun da na ji haka ban sake zama na ci abinci ba, a tsaye nake ci.

Abu ɗaya ne ke damuna. Kunyoyin da ke kusurwar yamma, wajen katangar gareji, sun ƙi. Ganyen ya yi rawaya, ya tsugune, mun zuba taki har mun gaji. Ba na son baƙi su ga wannan munin. Na dami Malamar Gona safe da yamma. Ta ce ƙila ƙasar ce, kuma da ma ya kamata a ce an gwada ta tun kafin shuka, amma an yi sauri don kada lokaci ya wuce. Na ce to a gwada yanzu mana. Na bi ta har ofis sau uku. Jiya ta zo da ƙananan ledoji ta ɗebi ƙasa a wuri takwas, da ganye, ta ce za a kai ɗakin gwaji. Ina jin don in ƙyale ta ne ta yi.

Ka ce sai bayan wata uku za a ba ka hutu. Na ji.

Taka har kullum,
Uwar Gaggawa


Ranar Asabar

Baban yara,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya. Mu ma jikinmu lafiya, amma ni hankalina ba ya jikina, kuma ba wanda zan iya faɗa wa sai kai.

Ranar Laraba Malamar Gona ta aiko in same ta a ofis. Ɗakin nan ne mai fanka mai ƙara da taswirar gari a bango, buhunan iri jingine a bayan ƙofa. Manaja yana zaune. Malama ba ta kalle ni ba, takarda take ta juyawa a hannu. Sakamakon gwajin ya fito. Ƙasarmu tana da gubar dalma. A kusurwar yamma ta yi yawa ƙwarai, a sauran filin ma ta wuce abin da aka yarda da shi, kuma an same ta a jikin ganyen.

Na tambayi mece ce illarta. Malama ta ce ba ta kayar da mutum nan take, taruwa take a jini a hankali. Ta fi cutar da ƙananan yara, tana taɓa musu ƙwaƙwalwa da girma. Sai masu juna biyu. Da ta faɗi wannan sai na ji fankar ta yi nisa. Baban yara, wata guda da rabi ina kai wa 'yarmu ganyen nan da hannuna, ina tsaye a kanta sai ta cinye.

Manaja ya ba ni ruwa. Ba mugun mutum ba ne, kada ka ɗauka haka. Ya ce gwaji ɗaya ne, ana iya kuskure, sun sake aika wata ƙasar, amsa za ta zo nan da sati biyu. Baƙi kuma saura kwana tara. Ya ce in maganar ta fita yanzu ba lambunmu kaɗai zai mutu ba, mutanen nan za su janye daga duka shidan, mata kusan ɗari biyu. Ya ce abin da aka ci wata guda da rabi, kwana tara ba za su ƙara masa komai ba. A bari baƙi su zo su tafi, a samu rijiya da takarda, sannan a gyara a tsanake. Ya ce ni shugaba ce, dole in iya riƙe magana.

Ban ce na yarda ba. Ban kuma ce ban yarda ba. Na tashi na fito.

A hanya na tsaya wajen tsohon makanikin nan da ke gyaran babur a gindin katangar gareji. Na tambaye shi me ake yi a bayan nan da can. Ya ce ai shekara da shekaru nan ake fasa tsofaffin baturan mota, a zubar da ruwan a ƙasa, a narka dalmar a sayar. Baƙaƙen akwatunan da muka kwashe, su ne. Ya ce da an tambaye shi da ya faɗa. Shekara talatin yana zaune a wurin, ba wanda ya tambaye shi.

Ga abin da ya fi ci mini rai. Daga can gidan 'Yar Baba na wuce. Na kwashe ganyen da ke kicin ɗinta na ce ya yi tsutsa, kada ta sake cin na lambu sai na ce. Na zubar da namu na gida. Na ceci nawa. Da yamma na je lambu, ina tsaye Maman 'Yan Biyu ta yanki dami ta ɗaure, ta ce mini yaranta yanzu ba sa cin abinci in ba ganye. Na ce mata madalla. Da bakina na ce madalla.

Jiya na share gidan nan sau huɗu. Na warware wata riga da ba abin da ya same ta na sake ɗinkewa. In na je lambu ba na iya tsayawa, in na dawo gida ba na iya zama. Wani lokaci in ce Manaja ya yi gaskiya, mata ɗari biyu ba wasa ba ne, kwana tara kuma kamar gobe ne. Wani lokaci in tuna yadda na yi sauri wajen kwashe ganyen ɗiyata, ban ce a jira gwaji na biyu ba.

Da kana nan da ka zauna a kan tabarma ka yi shirun nan naka da ke ba ni haushi, sannan ka faɗi kalma uku. Na san kafin amsarka ta iso komai ya wuce. Duk da haka ka rubuto. Ka yi mana addu'a, kada kuma ka kira 'Yar Baba ka tayar mata da hankali.

Matarka


Ranar Laraba

Baban yara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fata ƙafa ta yi sauƙi. Takardarka ta iso jiya. Ka ce, "Ki faɗa musu." Kalma uku, kamar yadda na ce. Na riga na faɗa, amma ba don na fi ka hankali ba. Bari ka ji yadda aka yi.

Washegarin ranar da na rubuto maka na je lambu da safe da niyyar in ci gaba da yin shiru. Har na shirya yadda zan ce a dakatar da yanka don ganye ya yi kyau kafin baƙi, kowa ya huta ba tare da na fasa maganar ba. Ina shiga na hango tagwayen Maman 'Yan Biyu a kusurwar yamma. Da yake ba abin da ke tsirowa a can, nan ya zama wurin wasansu. Sun kwaɓa ƙasa da ruwa a murfin gwangwani suna girki. Ƙaramar tana ɗanɗanawa da yatsa.

Ban san lokacin da na isa wurin ba. Na fizge su, na wanke musu hannu da baki a gindin tanki, suna ta kuka. Uwarsu ta yar da fartanya ta zo ta tsaya a kaina, ta ce me suka yi mini. Na ɗauki fartanyar tata na buga jikin tanki har kowa ta taru, na faɗi komai. Dalmar, baturan, ganyen, yara, masu ciki, da abin da Manaja ya ce.

Sai Maman 'Yan Biyu ta ce, "Tun yaushe kika sani?"

Na ce, "Kwana huɗu."

Ta ce, "'Yarki tana ci har yanzu?"

Na ce, "A'a."

Ba ta zage ni ba. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Ta goya ɗaya, ta kama hannun ɗaya, ta fita.

Daga nan wuri ya kaure. Wasu suka ce ƙarya ce, wani ne ke son filin. Wasu suka ce sun ci wata guda da rabi ba su mutu ba. Wata ta ce ni na jawo da shegen bincikena, da na bar kusurwar nan da rawayarta da yanzu muna shirin rijiya. Goggo kuwa ta juya ta bar mu. Ta je kunyarta, wadda ta fi ta kowa kyau, ta sunkuya ta fara tumɓukewa tana jefawa a hanya. Ta kai rabi kafin wata ta bi ta. Muka wuni muna cirewa. Na yi kuka a kan tumatir ɗina, ya fara nuna. Malamar Gona ta zo tsakiyar aikin, ta tsaya ta kalla, ta cire takalmi ta shiga. Ita ta hana mu ƙonawa ko ba dabbobi, ta sa aka ɗura a buhuna aka kwashe.

Manaja ya kira ni ya ce na kashe aikin shekara biyu. Na ce masa na sani.

Baƙi sun zo ranar da aka sa, su uku. An so a wuce da su wani lambun, amma babbarsu, wata dattijuwa mai farin gilashi, ta ce namu aka rubuta musu, namu za su gani. Suka tarar da ƙasa tsirara da mata goma sha biyar. Malama ta ba su takardar gwajin da hannunta, Manaja yana tsaye. Dattijuwar ta tambayi wa ya ce a gwada, wa ya ce a cire. Goggo ta amsa mata, ta ƙara da cewa gaba in za su kawo wa mutane alheri su fara tambayar makanikin bakin titi kafin su kawo iri. Aka fassara mata, ta rubuta. Ba su yi alkawarin komai ba. Rijiya dai babu, takardar shekara biyar babu.

Abu ɗaya suka yi nan take: sun sa a gwada jinin duk yaran da ke zuwa lambu da masu ciki. Na raka 'Yar Baba ranar Litinin, bayan na faɗa mata gaskiya. Ta ce, "Mama, ai ba ki sani ba." Ita ce ma ke lallashina. A layin asibiti na ga Maman 'Yan Biyu, na gaishe ta, ta kalli bango.

Amsa sai sati mai zuwa. Ban san yadda zan kai sati mai zuwa ba. Na fara wanke labulen gidan nan ɗaya bayan ɗaya.

Ka gaishe da mutanen wurinku.

Matarka,
Maman yara


Ranar Juma'a

Zuwa ga sabon Kaka,

Assalamu alaikum. Barka da arziki, barka da samun amarya. Na ji an ce da saƙo ya same ka sai da ka hau tudun nan da gudu da kumburarriyar ƙafarka. Jikarka lafiya lau, tana da hancinka, Allah ya ba ta haƙurin ɗaukarsa. Mai jego tana samun ƙarfi. Likita ya ce dalmar da aka gani a jininta kaɗan ce kuma tana sauka, za su riƙa duba jaririyar lokaci-lokaci. Ka yafe mini shirun wata biyu da rabi, ƙafata ba ta zauna ba.

Yaran lambu yawancinsu an ce ba damuwa. Uku ne nasu ya hau, ƙaramar tagwayen ta fi kowa. An kwantar da ita kwana biyar, yanzu tana shan magani, duk sati biyu ana komawa. Tana wasa, tana surutu. Abin da zai biyo baya, likita ya ce sai a hankali za a gani. Na tambaye shi a keɓe ko kwana huɗun nan sun ƙara mata. Ya ce da wuya. Bai ce a'a ba.

Gwaji na biyu ya fito daidai da na farko. Masu ba da kuɗin ba su janye ba, amma sun dakatar da komai sai da aka gwada ƙasa da ruwan sauran lambuna biyar. A ɗaya an tarar ruwan kwatar da suke ban ruwa da shi ba shi da kyau, an canza musu. Filin bayan gareji an kewaye shi an kafa allo. Manaja yana nan, muna gaisawa sama-sama.

Mu kuma sai da na kusa cinye takalmina. Ofis bakwai na shiga. A ƙarshe shugabar makarantar firamaren su Auta ta ba mu bayan azuzuwa, da takarda ta shekara biyu, da sharaɗin a riƙa ba kicin ɗin makaranta kashi ɗaya. Wurin siminti ne rabi, don haka a buhuna da akwatunan katako muke shuka. Ƙasar daga bayan gari aka kawo, tifa uku. Mijin Maman 'Yan Biyu ne ya kawo, bai karɓi ladan tuƙi ba. Taki muna haɗawa da ɓawon kayan miya da muke kwasowa daga kasuwa. Mu goma sha tara muka rage.

An sake zaɓe. Ba ni ce shugaba ba yanzu, Maman 'Yan Biyu ce, ni ma ita na ɗaga wa hannu. Ni an ba ni yawon ofisoshi da kai samfur ɗakin gwaji. Doka ta farko da ta kafa ita ce duk takardar gwaji a rufe za ta zo, a gaban kowa za a buɗe. Ba ta kalle ni ba da ta faɗa, ba sai ta kalla ba.

Alayyahun buhu ya isa yanka tun ranar Lahadi, amma ba wadda ta taɓa. Jiya na je ɗakin gwaji na karɓo ambulan ɗin sakamako. Mota biyu na shiga da ita a jakata, ga cunkoso, kusan awa biyu. Sau uku na fito da ita na ɗaga wa rana, ban ga komai ba. Gefenta ɗaya ma gam ɗin bai kama sosai ba. Na mayar, na zauna a kan jakar.

Na tarar da su duka a bayan azuzuwa, kowace da wuƙarta. Na miƙa wa Maman 'Yan Biyu. Ta juya ta, ta duba bakin, ta yage, ta miƙo mini takardar don ita ba ta karatu. Na karanta da ƙarfi, Malamar Gona tana leƙe ta kafaɗata. Ƙasa lafiya, ruwa lafiya, ganye lafiya.

Mata suka fara guɗa. Ita ba ta yi ba. Ta matso ta ce, "Nuna mini inda aka rubuta ganye."

Na ɗora yatsana a kan layin. Ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta karɓi takardar ta ninke ta huɗu ta sa a jakarta, ta ce, "To, Maman Auta, buhunanki sun fi cika. Daga naki za mu fara." Jiyan nan ne magana ta fara haɗa mu tun ranar da na buga tanki. Ta yanki damin farko daga buhuna, ta ɗaure, ta sa a kwandon da za ta kai gida.

Ka ce ranar ashirin za ka taso. Ka zo da takalmin aikinka, akwai akwatuna shida da ke jiran ƙusa. Auta da mai jego suna gaishe ka, amaryarka kuma ta ce kada ka zo hannu Rabbana.

Matarka mai jiranka,
Uwar Gaggawa